Kurakuran da masu koyo suke yi da allon FPGA

FPGA ƙwaƙwalwar lantarki ce da kai kake tsara da'irar cikinta. Na gaji da jin masu koyo suna cewa allonsu "haka kawai ya daina aiki". Babu wani haka kawai. Yawanci 5V aka ɗura wa ƙafar da 3.3V aka yi ta dominsa.

Ni ma na ɗanɗana kuɗata. Hannuna ya saba da Arduino Uno, wanda 5V ne abincinsa, sai na ɗauko HC-SR04 mai auna nisa, na soka wayarsa ta Echo, mai fitar da siginar 5V, kai tsaye a ramin GPIO na allon FPGA, wato ramin shigar da sigina da fitar da ita. Ranar farko ta yi aiki, har ina yaba kaina. Kafin sati ya zagayo ƙafar ta kurmance, ko 0 ko 1 ba ta bambancewa. Kuma ƙwaƙwalwar a manne take da allon, ba irin IC ɗin da za ka zare ka sa wani ba ne. Tun daga nan ba na soka waya sai na auna ta da mita. Idan 5V ce, in rage ta da resista biyu, 1k da 2k, wajen 3.3V zai fito. Wasu sun fi son ɗan allon sauya ƙarfin wuta, ni dai resista ta ishe ni idan siginar shigowa kawai take yi. Ka kuma haɗa GND, wato wayar 0V, na ɓangarorin biyu, don Allah.

Sai maɓalli. Ka danna sau ɗaya, lissafi ya tsallaka daga 3 zuwa 9, ka kama zagin Verilog, yaren da ake rubuta da'irar da shi. Ƙarfen cikin maɓallin ne yake karkarwa na 'yan milisakan kafin ya zauna. Agogon allon FPGA na Basys 3 kuwa 100 MHz ne, wato a milisakan 10 ya buga sau miliyan, duk karkarwar nan a idonsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mai mayar da maɓalli agogo, ya rubuta posedge a kansa, wato da'irar ta motsa duk lokacin da siginarsa ta tashi daga 0 zuwa 1. Haba malam! Ka bi da siginar ta flip-flop biyu tukuna (ma'ajiyar 0 ko 1 ce mai bin bugun agogo), sannan ka ƙirga, kada ka yarda da ita sai ta tsaya cak na milisakan 10. Makunnin da ake zamewa ma flip-flop biyun nan nake sa masa.

Sauran ƙanana ne. Lambobin nan masu sanda bakwai a Basys 3 da 0 suke kunnuwa, ba da 1 ba, kuma guda huɗun wayoyi ɗaya suke rabawa, sai ka riƙa kunna su bi da bi da sauri. Maɓallan DE10-Lite, wani allon FPGA, su ma 0 suke bayarwa idan an danna. Sunan da ke fayil ɗin XDC na Basys 3, mai haɗa kowace sigina da ƙafarta, ya zo daidai da na cikin Verilog ɗinka, har babban baƙi da ƙarami. LED ta waje kuma ka sa mata resista, 330 nake sawa.