Darasi na 9: Hoton da zai riga ka isa wurin mai ba da aiki

A Garwa yanzu, neman aiki ya koma cikin waya. Mai neman direba, ko mai gadi, ko tela, lambarka yake karɓa ya buɗe WhatsApp. Kafin ya ji muryarka, ya riga ya ga ɗan hoton nan da ke cikin da'ira kusa da sunanka. Masu neman aikin ofis, a kamfanin auduga na Sodecoton ko a ƙungiyoyin agaji na Marwa, suna saka hoto a saman takardar tarihin aikinsu, wato CV, kamar yadda aka saba a ƙasashe masu aiki da Faransanci. Wasu suna buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Ko a FNE ka rubuta sunanka, wato hukumar samar da aikin yi da gwamnatin Kamaru ta kafa a 1990, lambar wayarka za ka bari a can.

Wata rana na ce wa ɗalibai kowa ya ɗaga wayarsa in gani. Wani hoton babur ɗinsa ya saka, wata jaririnta, wani kuma Vincent Aboubakar, ɗan ƙwallon garinmu. Duk abin so ne, amma mai ba da aiki kai yake son gani. Muddin kana neman aiki, fuskarka ce za ta zauna a wurin.

Haske

A nan za mu daɗe, domin yawancin hotunan da suka lalace haske ne ya lalata su. Ranar Garwa ba ta wasa. A watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kuma idan rana ta take tsaka, haskenta daga sama yake saukowa. Sai ka runtse ido, inuwa ta cika ramin idonka da ƙasan hancinka, zufa ta sa goshi yana ƙyalli. Wanda bai san ka ba zai ɗauka fushi kake yi.

Ka ɗauka da safe kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar. Ka tsaya a inuwa, amma ka fuskanci inda haske yake shigowa. Bakin zaure ya fi ko'ina: kai kana ciki, fuskarka tana kallon waje, mai ɗauka yana tsaye a ƙofa. Kada ƙofar ko taga ta kasance a bayanka, don fuskarka za ta fito baƙi ƙirin. Ƙarƙashin dalbejiya ma a kula, hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan ka sa farar riga sol, waya tana bin hasken rigar, sai ta rage hasken hoton duka, fuskarka ta dushe. Maganinsa mai sauƙi ne: mai ɗauka ya taɓa fuskarka a kan gilashin wayar da yatsa kafin ya danna. Shuɗiyar riga ko ruwan toka sun fi sauƙin ɗauka.

Wa zai ɗauka?

Kada ka ɗauki kanka da kanka. Kyamarar gaba tana kusa da fuska, tana ƙara wa hanci girma. Ka ba wani wayar ya yi amfani da kyamarar baya, ita ta fi kyau ko a ƙaramar Itel ko Tecno. Ya goge idon kyamarar da gefen riga mai tsabta, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Ya tsaya taku biyu ko uku daga gare ka, wayar daidai tsayin idonka.

Na ga yadda wani dattijo a ajinmu, tsohon direban babbar mota, ya yi nasa a unguwar Hausare. 'Yarsa ce ta riƙe wayar.

"Baba, matso daga jikin bangon kaɗan, inuwarka ta fito."

Ya matso taku ɗaya.

"Baba, ɗan tura hular baya, ta rufe maka goshi. Yawwa. To saki fuska mana, kamar za ka amsa sallamar baƙo."

Sai ya yi dariya, ita kuwa ta danna sau goma. A cikin goman aka sami ɗaya da kowa ya ce, lalle wannan shi ne.

Bayanka ya zama bango kawai, ba shanya, ba yara, ba kwanuka. A ɗauka daga ƙirji zuwa sama, a bar ɗan fili a kan kai, domin WhatsApp da LinkedIn suna yanke hoto ya zama da'ira. Mata, mayafi ko hijabi ba ya hana komai, in dai fuska ta fito sosai kuma launinsa ya bambanta da na bangon. A cire baƙin tabarau.

Gyaran fuska

Wayoyi da yawa suna da maɓallin da ke goge fata ya haskaka ta. Don Allah a kashe shi. Yana ba ni takaici in ga mutum mai kamala ya mai da fuskarsa kamar ta roba. Ranar ganawa da fuskarka ta gaskiya za ka je, kuma idan mai ba da aiki ya kasa gane ka, shakka ta shiga tun ba a fara magana ba.

Kada kuma ka ɗauki hoton katinka na ɗan ƙasa ka saka, ko ka tura wa wanda ba ka sani ba. 'Yan damfara suna amfani da shi. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi ta Orange Money ko MTN kafin a ba ka aiki, ka tsaya ka bincika.

Aikin gida

Ku haɗu biyu-biyu. Kowa ya ɗauki ɗan'uwansa hoto uku: ɗaya a tsakar rana, ɗaya ƙofa tana bayansa, ɗaya a bakin zaure yana fuskantar haske. Ku rubuta jimla biyu a littafinku kan wanda ya fi kyau da dalili. Ku zo da wayoyinku darasi na gaba, mu saka hoton tare.