Sos ɗin tako na gida: kurakuran da na gaji da gani

Jama'a don Allah mu yi maganar sos ɗin tako ɗin nan, wato wanda ake zubawa a kan tako, siririn burodin nan da ake naɗe nama a ciki, don abin ya fara isata. Duk wadda ta ga kuɗin ƴar kwalbar Old El Paso a babban kanti sai ta ce gara ta haɗa nata, kuma da gaskiyarta, don kusan ba komai a ciki sai tumatir da ruwa da khal da kayan ƙamshi. Amma sai a je a yi ɓarna iri ɗaya sannan a dawo ana cewa abincin Turawa ba daɗi. Tako ma ai na mutanen Meksiko ne, su nasu sos ɗin salsa suke ce masa, shi kuwa wannan jan mai tsami-tsami na kwalba salon Amurka ne, irin wanda ake bayarwa a Taco Bell, gidan abincin da Glen Bell ya buɗe a Kalifoniya a 1962. A kansa nake magana.

Babbar matsalar ita ce cili fauda. Ki ga Ba'amurkiya ta ce a zuba babban cokali biyu, ke kuma sai ki ɗauko garin barkonon da kika kai inji ki zuba cokali biyu cif. Haba uwargida! Nasu fa haɗi ne, tun wajen shekarun 1890 ake sayar da shi a Texas, busasshen barkono ne marar zafi sosai aka niƙa da kumin da ganyen ƙamshin nan oregano da tafarnuwa, wani har da gishiri, shi ya sa suke iya zuba shi da yawa. Namu kuwa barkono ne zalla. Ni wannan ya taɓa ja min asarar kilo guda na niƙaƙƙen nama, don ban tsaya a sos ba har cikin naman na juye, ga ƙannen maigida sun zo, yaran nan don kunya suna ci suna share hawaye da majina suna cewa Anti ya yi daɗi, ƙarshe dai taliya na tashi na dafa musu da daddare. Kuma kar wadda ta ce min a ƙara sukari zai gyaru, ba ya gyaruwa, sai dai ki samu yaji mai zaƙi.

Abin da nake yi yanzu, nawa nake haɗawa: garin busasshen tattasai babban cokali biyu, kumin ƙaramin cokali ɗaya, garin tafarnuwa rabin ƙaramin cokali, oregano rabi, sai barkono ɗan kan cokali kawai. In bai ji ba a ƙara daga baya, ƙari ai ba wuya. Kumin ɗin nan shi ne ƙamshin da kike ji ki ce tako ne, in babu shi ki haƙura sai kin samo, wajen masu kayan ƙamshin Indiya da Larabawa ake samu. Kuma habbatus sauda ba ta maye gurbinsa, na ga masu yin haka don wani mai shago ya ce musu duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, ita baƙa ce shi kuwa ruwan ƙasa ne dogo-dogo.

Sai masu ƙona tattasai, su ma suna ba ni haushi ba kaɗan ba. A Meksiko busassun barkononsu irin su gwahiyo da anco da arbol sai an ɗan gasa su a kan farantin ƙarfe kafin a jiƙa, don ƙamshin ya tashi, kuma busasshen tattasanmu yana karɓar wannan dabarar sosai, ga shi da araha in kika saya lokacin da yake da yawa. To amma ɗan gashi aka ce. Sai mace ta zuba a kasko wuta na ci ta tafi duba waya, ta dawo ya yi baƙi gidan duk ana tari, kuma don rowa ta ƙi zubarwa ta markaɗa a haka, wallahi ɗacin nan ko tumatirin duniya kika zuba ba zai ɓoye shi ba. Ki goge shi da tsumma mai laima tukuna don a ƙasa ake shanya shi, ki cire hancin da ƴaƴan, ki danna shi a kasko marar mai kamar daƙiƙa 20 kowane gefe, kina jin ƙamshi ki sauke. Ki jiƙa a ruwan zafi minti 20, ki ɗanɗana ruwan jiƙon, in da ɗaci ki zubar ki markaɗa da sabon ruwa, sannan ki tace da rariya saboda ɓawon. Wanda ya ƙone kuwa bola, kar ki ji tausayinsa.

Akwai kuma waɗanda hannunsu ya saba da miyar shinkafa. Da sun ga tumatir sai a ɗora mai, a soya albasa, a zuba kori da tayim da dunƙule uku. Hajiya wannan miya kika yi, ki dafa farar shinkafa kawai ku ci abinku. Sos ɗin tako ba ya son mai, ni ko ɗigo ba na sawa. Tumatirin leda ɗaya mai giram 70, ruwa kofi ɗaya da ɗan ɗoriya, khal fari babban cokali biyu, haɗin nan na sama, garin albasa kaɗan, gishiri, sukari ƙaramin cokali ɗaya, wuta ƙasa-ƙasa minti 15 zuwa 20 har warin ɗanyen tumatirin ya fita, shi ke nan. Ya zama yana zuba daga cokali, in ya yi kauri ki ƙara ruwa.

Kanwa kuma fisabilillahi me ya kawo ta? Na san mun saba kashe tsamin tumatir da ita, amma nan tsamin ake nema, shi ke yanke maiƙon nama, kuma shi ke taimaka wa sos ɗin ya kwana biyu bai lalace ba.

Ƙananan kuwa ga su a gurguje. Kecap ba tumatirin leda ba ne, zaƙinsa ya yi yawa. Attaruhu ƙamshinsa danne komai yake, in dole sai kin sa to ɗan ɓari. In lemon tsami za ki sa maimakon khal, sai kin sauke tukunya. Tukunyar dalma tana ba abu mai tsami ɗanɗanon ƙarfe, ki nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wato stainless. Kar ki yanke hukunci yana da zafi, ki bar shi ya kwana a firji, da safe za ki ji ya haɗe.

Ajiya kuma, kwalbar gilashi nake wankewa da tafasasshen ruwa ta bushe, in zuba in sa a firji, kuma ba na bari ya wuce mako guda. Masu yanka ɗanyar tafarnuwa su malala mai a kai su ajiye a kan kanta wai don ya daɗe, ku daina, tafarnuwa cikin mai a waje hanya ce ta guba mai haɗari. In wutarku irin tamu ce da sai ta ga dama take zuwa, ki yi rabin awon nan kawai, wanda za ku cinye yau da gobe.