Kurakuran da na gaji da gani kan Catocala fraxini

Jama'a dan Allah a riƙa natsuwa kafin a ce an ga Catocala fraxini, wani nau'in malam-buɗe-littafin dare. Duk shekara daga Agusta zuwa Oktoba sai hotuna su yi ta yawo, mutum ya ɗauki malam-buɗe-littafin dare manne a jikin bishiya, fukafukai a rufe, wai shi ke nan ya samu. To ai a rufe kusan duk dangin Catocala haka suke, ruwan toka mai zane-zane kamar ɓawon da suke kai. Shaidar tana fukafukan baya. Na fraxini baƙi ne da ɗamara shuɗiya a tsakiya, in ka ga ja yawanci ɗan'uwansa Catocala nupta ne, shi kuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kuma fraxini ƙato ne, in ya buɗe yana kai santimita 9. Ba ka ga shuɗin nan ba, ka yi shiru.

Wasu kuma tsohon bayani suke riƙe da shi, wai babu shi a Ingila. E ya ɓace a can a shekarun 1960, amma ya dawo kudancin ƙasar yana hayayyafa, kuma dama yana nan daga Turai har Japan.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne maganar ƙwai. Mace tana saka ƙwanta a ɓawon bishiya, ƙwan nan haka zai kwana duk tsawon hunturu cikin sanyi, sai ganye ya fara tohowa tsutsa ke fita. Na taɓa ba wani ajiyar ƙwai zan yi tafiya, bawan Allah wai tausayi ya ji, ya shigar da su ɗaki kusa da hita. Suka ƙyanƙyashe tsakiyar sanyi, bishiyoyi duk tsirara ba ganye ko ɗaya, na dawo na tarar da 'yan tsutsotsi kamar zare sun bushe a gindin kwalba. Haba! Abin da sau ɗaya yake haihuwa a shekara, ka ga an kashe min shekara guda ke nan, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ku daina yi wa ƙwan nan gata, sanyi yake so. Ni a waje nake barinsu cikin inuwa, ba na taɓa su sai na ga toho da idona. Abincin tsutsar kuma ganyen bishiyoyin dangin Populus ne, musamman wadda ake kira aspen.

Kar a share busasshen ganye a gindin bishiyoyin wajen Yuli, a ciki tsutsar ke naɗe kanta kafin ta rikiɗe.

Masu dogara da fitila kaɗai wajen janyo shi, ku gwada suga da ruɓaɓɓiyar ayaba a shafa jikin bishiya da magariba, ni shi ya fi min. Sai dai a je da jar tocila a hankali, farin haske korarsa yake. Kuma kar a kama fukafukin da yatsa don son ganin shuɗi, garin da ke jikinsa gogewa yake kuma ba ya dawowa.