Yadda zaka gina tukunya mai layi-layi irin na jikin dutse

Toh in ka taɓa lura da gefen rami ko inda aka yanka tudu aka fitar da titi, zaka ga ƙasar hawa-hawa take, ja a sama fari a ƙasa, kowane layi zamaninsa daban. Shi kanshi yumɓu ai dutse ne ruwa da iska suka cinye a hankali tsawon dubban shekaru, wani ma miliyoyi. Wannan zanen zamu sa a jikin tukunya.

Ka samo yumɓu kala biyu ko uku, ja da baƙi da farar ƙasa irin ta wajen Kankara a jihar Katsina. Jiƙa kowanne daban, tace da rariya, ka zuba garin tsingaro kaɗan ka kwaɓa sosai. Amma fa kafin ka haɗa su yi ƴar gwaji, ka busar da guntu-guntu ka gani, in wani yafi wani tsukewa wlh tukunyar tsagewa zata yi a wuta, aikin banza kenan.

Sai ka shimfiɗa su fale-fale ka ɗora wani kan wani, ka danne kar iska ta maƙale, yanka da zare ka gina. Kar ka cika shafawa da ruwa, kalolin zasu cakuɗe. Idan ta ɗan sha iska ka kankare bayan da reza, nan layukan zasu fito.

A inuwa zata bushe, kamar sati biyu, sannan gashi da ƙaramar wuta tukunna a ƙara kara. Gumakan ƙauyen Nok na kudancin Kaduna ma da aka fara tonowa a 1928 gasasshen yumɓu ne, sun haura shekara 2,000.