Kafin ka saya mata laftop, duba yadda take aiki da wadda take da ita

Duk wanda ya zo min da maganar yana son yi wa mai ɗakinsa kyautar laftop, tambayarsa ta farko ba ta canjawa: "Wacce ce ta fi ƙarfi?" Ni kuma sai in jefa masa tawa: da wacce take aiki yanzu, kuma me take yawan yi wa tsaki a jikinta? Galibi sai ya yi shiru. Ya haddace sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da na kamfani, amma bai taɓa lura ba ko a kan tebur take aiki ko a kan cinya. To daga nan ake farawa. Da kai namiji zan yi magana don sauƙi. Idan ke ce za ki saya wa maigida, ki juya zancen kawai, duk ɗaya ne.

Ka ɗauki mako guda ko biyu kana kallo, ba ka ce komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma za ta nuna maka inda tata take yoyo ba tare da ta san tana nunawa ba. Idan kullum sai ta ja kujera kusa da soket, batir ne damuwarta. Idan ta danna makunni sannan ta tashi ta yi wani abu kafin kwamfutar ta gama farkawa, ma'ajiya ce, wato inda kwamfuta ke adana fayiloli. Idan tana matso da fuska tana ƙanƙance ido, allo ne. Idan kuma ta kan bar ta a gida ta fita da waya alhali aikin na kwamfuta ne, nauyi ne ya ishe ta. Cikin hira ka ji sunayen manhajojin da aikinta ko karatunta ya wajabta mata, ka rubuta su. Wannan 'yar takardar ta fi duk wani bita da za ka kalla a YouTube amfani.

Takardar ce za ta raba maka gardamar farko, wato Windows, Mac ko Chromebook. Ra'ayina a nan a fili yake: ka bar ta a kan abin da hannunta ya saba da shi. Wadda ta shekara goma tana aiki da Windows, ka miƙa mata MacBook, za ta yi murmushi ta yi godiya, sannan ta yi wata guda tana laluben inda maɓallin rufe shafi ya koma. Sai dai idan iPhone take riƙewa kuma ta sha faɗin tana sha'awar Mac, to nan akwai hujja, domin hotunanta da saƙonninta za su riƙa bin ta tsakanin na'urorin biyu ba wahala. Chromebook, wato laftop mai aiki da tsarin Google, ta dace da wadda duk rayuwarta a burauza take: imel, Google Docs, kallon bidiyo. Cikakkiyar Microsoft Office irin ta kwamfuta ba ta hawa kanta, sai ta intanet. Google na ba waɗanda suka fito daga 2021 zuwa sama sabuntawar shekara 10, amma lissafin daga lokacin da samfurin ya fito yake farawa, ba daga ranar da ka biya ba. Akwai kuma kwamfutocin Windows masu furosesar Snapdragon X da suka shigo kasuwa a 2024. Batirinsu na daɗewa ƙwarai, amma wasu tsofaffin firintoci da wasu manhajoji ba sa jituwa da su. Idan akwai wata tsohuwar manhaja ta wurin aiki a takardarka, ka tabbatar tukuna.

Sai abin da ke ciki. Dokata guda ce: ka sa kuɗinka a kan abin da ba ya canjuwa bayan saye. Na farko a cikinsu RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abubuwan da aka buɗe ana aiki da su. Tawa mai ɗakin malamar makaranta ce, aikinta bai wuce Word, Excel na makin ɗalibai da taron Zoom ba, wanda kowa zai ce aiki ne mara nauyi. Amma ka leƙa saman burauzarta ka ga shafuka jere rututu, sun matse har sunansu ba ya karantuwa, kuma kowanne ka ce a rufe sai ta ce tana amfani da shi. Haka yawancin mutane suke, kuma wannan ɗabi'ar RAM take ci. Microsoft ya rubuta cewa GB 4 ya isa Windows 11 ta tashi. Tashi kawai ke nan. GB 8 zai yi aiki yau, amma GB 16 nake ba da shawara ga kwamfutar da ake so ta yi shekara biyar. Apple ma da kansa ya mayar da mafi ƙanƙantar MacBook Air zuwa GB 16 a watan Oktoban 2024. Dalilin nacewata shi ne, a yawancin siraran laftop na yanzu, har da duk MacBook masu furosesar M, an liƙe RAM ɗin a jikin allon injin ne da dalma. Abin da ka saya da shi, da shi kwamfutar za ta mutu. Ka tambayi mai sayarwa ko akwai gurbin ƙari. Idan ya ce babu, kada ka sauka ƙasa da 16.

Ma'ajiya kuwa SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, ba ja-in-ja. Tsohon faifai mai juyawa, wanda ake rubuta HDD, shi ne yake sa mutum ya kunna kwamfuta ya tafi ya dawo. Ka kuma guji wadda aka rubuta eMMC mai GB 64, domin Windows da sabuntawarta kaɗai za su cinye kaso mai tsoka, bayan 'yan watanni ta fara kukan wuri ya cika. GB 256 ya ishi mai takardu zalla. Mai tara hotuna da bidiyo, 512.

Furosesa ita ce mutane suka fi ɓata lokaci a kanta, alhali ga aikin yau da kullum Core i5, Core Ultra 5, Ryzen 5 ko kowace M ta Apple sun wadatar har da saura. Abin da ya kamata ka iya shi ne karanta lambar da ke bin sunan. A i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na 8. A i5-1235U, sha biyun farko zubi na 12 ne. Tsohuwar i7 ta zubi na 6 ko na 7 ba ta kamo ƙafar i5 ta zubi na 12, duk da sitikar da ke jikinta ta fi cika ido. Akwai ma abin da ya fi gudu muhimmanci. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama ko, a laftop, Ryzen jerin 3000 zuwa sama. Wadda ba ta kai haka ba, ka bar wa mai ita kayansa komai kyanta. Harafin ƙarshe ma yana magana: U mai tattalin batir ce, H mai ƙarfi ce da zafi da ƙarar fanka. Celeron da Pentium kuma, ka wuce su.

Bari in faɗi wata gaskiya a nan, 'yan'uwana maza su yi haƙuri. Idan ka tsinci kanka kana shafa wata baƙar ƙatuwa mai fitilu kala-kala da katin zane na wasanni, kana cewa ai za ta ji daɗinta, to kanka kake saya wa. Irin waɗannan sukan haura kilo biyu, cajarsu kaɗai kaya ce, batirinsu kuma ba ya jimiri. Sai fa idan ita ce mai buga wasan ko mai tace bidiyo.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe: abin da idonta da yatsunta za su taɓa kullum. Ba wanda ke ganin furosesa, amma allo sa'o'i za ta yi tana kallonsa. Kada ya gaza 1920 × 1080. Har yanzu ana sayar da masu 1366 × 768, kuma a nan ne kamfanoni ke ɓoye arahar da suka yi maka. Ka nemi wanda aka rubuta IPS ko OLED. In ba a rubuta komai ba, ka yi gwajin da nake yi: buɗe hoton fuskar mutum, ka tura murfin baya kaɗan, ka jawo shi gaba, ka kuma leƙa daga gefe. Idan fuskar ta yi fari fat ko ta dushe ta koma toka-toka, allon mai arha ne, kuma wuyanta ne zai biya, don kullum sai ta yi ta gyara zama. Haske ana auna shi da nit. Mai 250 na cikin ɗaki ne kawai, 300 ya yi daidai, 400 zuwa sama shi ne na mai son zama kusa da taga ko a waje. Allo mai sheƙi ya fi fito da launi, amma yana mayar maka da hoton fitila da na kanka.

Girma kuma jakarta ce za ta yanke hukunci. Ka auna faɗin wadda take fita da ita, da gaske nake, da tef. Inci 13 ko 14 mai nauyin kilo 1.2 zuwa 1.5 shi ne na mai yawo da kwamfuta. Inci 15.6 ko 16 na wadda tata ba ta barin tebur ne, ko mai aikin lissafi da ke buƙatar jerin lambobin nan na gefen dama. Rabin kilo a takarda ba komai ba ne, a kafaɗa kuwa bayan tafiyar minti ashirin sai ka ji shi.

Ko a intanet za ka saya, ka nemi inda za ka taɓa irinta da hannunka. Rubuta layi uku a kibod ɗin ka ji ko tsakiyarsa na lotsawa. Shafa wajen maus ɗin ka ji ko yatsa na tafiya sumul ko yana cijewa. Ɗaga murfin da yatsa ɗaya: mai kyau za ta buɗe gindinta na zaune, mara kyau za ta biyo ka gaba ɗaya. Duba ko madannan suna da haske a ƙarƙashinsu, don mai aikin dare ba ta son kunna fitila ta tashi kowa. Ka kuma kalli layin haruffa na sama. Wadda aka yi don Faransa da AZERTY take farawa, ta Jamus da QWERTZ, kuma wadda ta saba da QWERTY za ta yi ta buga harafi wani na fitowa. Idan tana yawan taro ta bidiyo, kyamara mai 1080p ta fi mai 720p nesa ba kusa ba.

Sa'o'in batir da ake rubutawa a kwali, ka ɗauke su kamar alkawarin mai neman aure: akwai gaskiya a ciki, amma sai an rage. Ana auna su ne da haske a ƙasa da aiki mara nauyi. Ka duba lambar Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, maimakon haka. Daga 50 zuwa sama a kwamfuta mai inci 14 abu ne mai kyau. Ka so wadda ake caji ta USB-C, don caja ɗaya ta ɗauki laftop da waya, amma ka tabbatar, domin ba kowane ramin USB-C ne ke karɓar caji ba. Sannan ka tuna abin da take sokawa. MacBook Air ba ta da ramin filas na da, ba ta da HDMI. Idan tana haɗa kwamfuta da majigi ko talabijin, ka sa ɗan mahaɗi a cikin kwalin kyautar.

Idan aljihu bai kai sabuwa mai kyau ba, ni na fi son ta hannu mai asali a kan sabuwa mara ƙwari. Waɗanda aka ƙera don ma'aikatu, irin su ThinkPad jerin T, Dell Latitude da HP EliteBook, suna da ƙarfin jiki da kibod mai daɗi, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Kafin ka biya, buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin rubuta umarni na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100, ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka. A Mac ka duba adadin zagayen caji, Apple ya ƙiyasta wa na zamani 1000. Ka tabbatar mai ita na da ya fita daga asusunsa na Apple, in ba haka ba makullin Activation Lock zai iya hana ku amfani da ita gaba ɗaya. A ta Windows kuma ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga ba a sa kalmar sirri ba. Kuma ka gaya mata ta hannu ce tun ranar farko.

Launi, kada ka yi hasashe. Dubi rigar wayarta da jakarta, amsar tana nan.

Ka saya a inda ake karɓar kaya idan ba su yi ba, ka san kwana nawa suka bayar, ka adana rasit da kwali. Kada ka saya da wuri ka ɓoye wata guda, don kwanakin mayarwa da garanti suna tafiya tun daga ranar saye. Idan ka ba ta, ka furta da bakinka cewa in ba ta kwanta mata ba za a canja, domin da wuya ta faɗa da kanta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda masu son burgewa suka fi faɗawa ciki: kunna kwamfutar tun kafin a ba ta, a shirya komai da imel ɗin mai saye. Kada ka yi. Sabbin kwamfutocin Windows da yawa suna kulle ma'ajiyarsu da kansu, su ajiye mabuɗin ceto a asusun Microsoft na wanda ya fara shiga. Mac ma tana ɗaure kanta da asusun Apple na farko. Ranar da abu ya rikice kana wata uwa duniya, ita ce za ta tsaya cirko-cirko da kwamfutar da ake cewa tata ce. Ka caja ta in kana so, amma ka bar ta ta sa sunanta, imel ɗinta, kalmar sirrinta da zanen yatsanta da hannunta, kai kuma ka kau da kai lokacin da take bugawa. Aikinka shi ne kwashe mata takardu da hotuna daga tsohuwar, ka sa mata manhajojin da ke takardar nan, ka gwada firinta. Tsohuwar kuma kada ka goge ta ko ka bayar da ita sai bayan wata guda aƙalla, don sai an fara aiki da sabuwa ake tuna fayil ɗin da aka manta a Downloads da kalmomin sirrin da tsohuwar burauza ce kaɗai ta riƙe su.