Kurakuran da sabbin zuwa Legas ke tafkawa a bakin Kogin Ogun

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Duk shekara sai wani ɗan uwa ya sauko daga Arewa yana murna wai ya samu fili da araha wajen Kara ko Isheri ko bayan Mile 12, in ka tambaye shi yaushe ya je duba wajen sai ya ce da rani. To nan aka fara ɓata.

Ni kaina haka na yi, shi ya sa abin ke min zafi. A watan Janairu na je, ƙasa a bushe ƙamas, an cike wajen da yashi sumul, dillali yana ta rantse-rantse wai ruwa bai taɓa zuwa nan ba, na biya na kafa rumfa na jibge buhunan wake. Oktoba na yi, rana tsaka, ko hadari babu, sai ga ruwa yana tasowa a hankali kamar mai sanɗa, kafin in samo mota wake ya jiƙe ya kumbura har buhu na fashewa. Mu a gida sama muke kallo in ana maganar ambaliya, nan kuwa ta kogi ruwan ke zuwa. Akwai dam ɗin Oyan kusa da Abeokuta tun 1983, in ya cika a ƙarshen damina dole a rage masa, ruwan ya biyo Ogun ya gangaro lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, lagun ɗin ma a cike take ga teku na turo nata, fadamun da a da suke shanye rarar kuma duk an cike su an yi gidaje. Ina kake so ya je? Rumfarka mana.

Yanzu ni ba na biyan ko sisi sai na ga waje a Satumba ko Oktoba. Ina duba shatin ruwa a jikin katangun maƙwabta, sannan in tambayi masu kwalekwale, su ba su da kamasho a cinikin.

Na biyu masu lambu da masu kiwon tarwaɗa ne. Malam, wannan ba kogin garinku ba ne! Da damina ruwan lagun daɗi gare shi, amma rani na yi kogi ya ja baya, dam ya riƙe nasa, sai gishirin teku ya kutso ta bakin tashar jiragen ruwa ya yi ta hawowa. Ka ga mutum yana ta zuba taki wai alayyahunsa ya yi rawaya, alhali gishiri yake ba shi safe da yamma. Ni ɗanɗanawa nake da harshe a watan Maris lokacin da teku ta turo ruwa, wasu na min dariya, su ta shafa.

Kuma abin haushi mun san wannan tun a gida, wanda ya fito daga Haɗeja ko Nguru ya ga yadda fadama ta koma bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. A Ghana ma tun da aka tare Kogin Volta a Akosombo a 1965 yashin da ke isa gaɓa ya ragu, teku ta yi ta cin garin Keta. Amma mutum ya zo Legas ya manta kaf.

Sauran ƙanana ne. Kar ka sayi itacen bishiyoyin nan na cikin ruwa masu saiwa a waje don banda kifi, a ƙarƙashinsu 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma. Kashin shanu da jinin yanka a daina turawa kogi, su ke ciyar da ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke tare hanyar jirgi. Wajen da ake haƙar yashi kuma a hana yara wanka, rami ne a ƙasa ko da saman ya yi lumui.