Yadda za ka yi sunan da ba ya kwana ɗaya: darasi daga 'yan metal da 'yan pop

Ƙanena, jiya a fada muna shan shayi ka ce kai dai burinka waƙarka ta fashe a TikTok. To zauna in gaya maka, na daɗe ina kallon mawaƙan Turawa kala biyu, 'yan pop masu kwalliya da 'yan heavy metal masu baƙaƙen kaya da gashi har kafaɗa, waɗanda in tsohuwarmu ta ji kiɗansu sai ta ce injin niƙa ne ya lalace. Amma hwa kasuwar 'yan metal ɗin ba ta ci ta watse.

Fara da iya abin da gaske, da bakinka da hannunka. Tony Iommi mai jita na Black Sabbath, ƙungiyar metal da aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1968, inji ya datse mishi kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, sai ya narka robar kwalba ya yi ma yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jita don ciwon ya ragu, sautin ya ƙara nauyi. Ranar 5 ga Yuli 2025 mutanen nan suka cika filin ƙwallo na Villa Park duk sun tsufa, mawaƙinsu Ozzy Osbourne ma a zaune ya yi waƙa don rashin lafiya, kwana 17 bayan nan ya rasu. Yanzu dubi 'yan pop Milli Vanilli, samari biyu ga kyau ga rawa, aka ba su babbar kyautar waƙa ta Grammy a 1990, shekarar ba ta ƙare ba aka ƙwace don ashe ba muryarsu ba ce. Ni da idona na ga irin haka a wani biki nan Maradi, yaro na ta tsalle da makirfo sai waƙar ta tsaya cak a kwamfutar DJ, aka ce to ci gaba da baki, wallahi zufa kawai ya yi ta sharewa, mata suka ɗaure kuɗin liƙinsu a bakin zane. Kullum ka yi ko minti talatin kana waƙa ba sono ba otocun mai gyara murya, daga kai sai mai kalangu ko jita.

Sai shiga. Zaɓi kama ɗaya ka riƙe ta. 'Yan metal Iron Maiden tun 1980 dodonsu guda ne a bangon faifai, Eddie, har yau masoya na sa rigarshi uba da ɗa. Metallica kuwa da suka aske gashi a 1996 masoyansu suka yi ta hushi kamar an yi musu sata, ka ga mutanen sun ɗauki ƙungiyar tasu ce. Ɗan pop fuska yake saidawa, in ta tsufa kamfani ya nemo wata. Madonna ta iya canza kama ta zauna, amma ita tana da kuɗin da kai ba ka da su. Ba na ce ka tara gashi ka sa baƙi a zafin Afrilu ba, Baba ma korarka zai yi. Shata da 'yan kalangunshi ya tsaya, ya rasu tun 1999, shiga tasha ka ji ko an bar sa shi.

Masoya kuma ka tara su ɗaya-ɗaya. Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, ta kart memwar da Bluetooth kiɗanshi ya fara yawo daga salula zuwa salula kafin ya kai Amurka. Kar ka raina biki ko suna, je Tasawa, je Madarunfa, ko kuɗin mota kawai aka ba ka. In ka sauka kar ka ruga cikin mota, tsaya ku gaisa, karɓi lambar waɗanda ka ga suna bin baitinka da baki ka sa su a gurup na WhatsApp, sabuwar waƙa su za ka fara tura ma kafin TikTok ta gani.